Taswirorin fagen daga tsakanin Maraɗi, Gobir da Sakkwato: rajistar aiki, 2021 zuwa 2022

12 ga Disamba 2021

Taswirori goma sha ɗaya ne a hannu, an ba su lamba daga MRD-01 zuwa MRD-11, an rubuta da fensir 2B a bayan kowace, can ƙurya ta ƙasa. Biro da tambari ba su taɓa takarda. Ƙasar da muke bi ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Damagaram, daga Adar zuwa Katsina da Zamfara. Lokacin kuwa daga yaƙin Tabkin Kwatto na Yunin 1804 zuwa 1910, shekarar da Faransa da Ingila suka amince da turakun iyakar da ke nan har yau.

Sharaɗin shiga akwati ɗaya ne: launin da ke kan taswira ya zama na hannu, kuma na zamanin da aka buga ta. Dalili shi ne, a wannan yanki launi ba ado ba ne, da'awa ce. Bayan an ci Birnin Katsina a 1807 sarautar Haɓe ta yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a can. A Gawakuke a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama, daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri. Duk da haka Maraɗi da Tsibiri ba su shiga hannun Sakkwato ba. To mai shafa launi a Landan ko Gota ta Jamus, wanda bai taɓa ganin Gulbin Maraɗi ba, da shafar burushi ɗaya yake sa garin nan cikin daular Sakkwato ko ya bar shi waje. Idan launin na asali ne, shaida ce ta abin da Turai ta ɗauka a shekarar. Idan wani ɗan kasuwa ne ya shafa shi daga baya don taswira ta yi tsada, ba shaidar komai ba ne, ya ma ɓata wadda ke akwai.

9 ga Janairu 2022

Biyu daga cikin taswirorin sun iso ne a naɗe cikin bututun kwali mai faɗin santimita 5. Ba a buɗe su ba. Na'urar auna laima tana nuna kashi 14 cikin ɗari a ɗaki, hunturu ya kankama, kuma takardar da ta haura shekara ɗari da hamsin tana tsagewa a wannan bushewa idan aka tilasta mata miƙewa. Duk mai aiko da taswira, a roƙe shi ya shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu masu kauri. In dole sai an naɗe, kada bututu ya kasa santimita 10.

Kafin a yarda da na'urar sai da aka gwada ta: gishirin girki cikin murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi da na'urar cikin roba mai murfi har kwana ɗaya. Ya kamata ta nuna 75. Tamu ta nuna 71, don haka ana ƙara 4 a kan duk abin da ta faɗa.

Ɗakin turara da aka haɗa: faranti na roba mai zurfin santimita 15, tawul mai tsabta da aka jiƙa aka matse a ƙasa, ragar roba a kansa da tazarar santimita 5, taswira a naɗe kan ragar, sai gilashi ya rufe. Ruwan tatacce ne daga farmasi. Kada a sayi "ruwan batir" wajen masu gyaran mota, domin da suna ɗaya ake sayar da tataccen ruwa da wanda aka haɗa da asid. Ana leƙawa kowane minti ashirin. Da zarar raɓa ta fara taruwa a ƙarƙashin gilashi sai a goge, ɗigo ɗaya kan jan launi ya isa ya bar tabo. Cikin awa uku naɗin ya saki da kansa. Daga nan sai tsakanin takardun shan ruwa, gilashi mai kaurin milimita 6 a sama, da nauyin kilo 5 a warwatse. A canja takardun bayan minti goma sha biyar, a sake bayan awa ɗaya, a sake washegari, sannan a ƙyale ta mako biyu.

30 ga Janairu

Tantance launi. Kayan aikin uku ne: gilashin ƙara girma sau goma, fitila da ake haskawa daga gefe, da fitilar nan mai shuɗin haske da ƴan canji ke duba kuɗi da ita.

Launin hannu yana tona kansa a ƙarƙashin gilashi. Burushi yakan tsallake baƙin layi kaɗan, ya taru ya yi duhu inda aka ɗaga hannu, kuma kaurinsa ba ya zama ɗaya daga farkon iyaka zuwa ƙarshenta. Launin bugun dutse kuwa, wato wanda inji ya buga, ɗige-ɗige ne ko siraran layuka a jere. Idan aka ga ɗigo huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, sun yi ƴar fure, hoton zamani ne aka buga, magana ta ƙare. Takardar da ta yi fari fat mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar ƴan canji ta bayan 1950 ce, lokacin da aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara haske.

Abin da ya fi wuya shi ne tsohuwar takarda ta gaske da sabon launi. MRD-04 ke nan: taswirar da Sarkin Musulmi Bello ya ba matafiyi ɗan Birtaniya Kilafaton (Clapperton) a Sakkwato a 1824, wadda aka rage girmanta aka buga cikin littafin tafiyar Denham da Kilafaton a Landan a 1826. Takardar daidai, bugun daidai. Amma koren da aka shafa ya hau kan ɗigon tsufa masu ruwan tsatsa maimakon su su hau kansa, ya kuma gangara cikin bakin wani ramin ƙwaro ya rina gefensa. Ƙwaro ya riga burushi zuwa ke nan. A baya ma launin ya huda ya fito, alamar an wanke takardar, sinadarin da ke hana ta shan ruwa ya tafi, sannan aka yi fentin. An fitar da ita daga jerin, an sa ta cikin jakar nazari. Abin takaici ne ƙwarai, domin a cikin duk tarin ita kaɗai ce aka zana daga cikin ƙasar nan, da idon mai yaƙin kansa.

Alamar da ke kwantar da hankali ita ce inuwa: taswirar da ta shekara da shekaru a ninke cikin littafi, launin ɓangare ɗaya yakan bar fatalwarsa a ɗaya ɓangaren. MRD-02, 06 da 07 duk suna da ita.

20 ga Fabrairu

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan MRD-09: "Malam, ya aka yi Maraɗi ta koma digiri huɗu da wani abu?" Ba kuskuren mai zane ba ne. Maraɗi tana kan digiri 13 da minti 29 arewa, digiri 7 da minti 6 gabas idan an ƙirga daga layin Girinic (Greenwich) da ke Landan. Taswirorin Faransa na wancan zamani daga Paris suke ƙirgawa, Paris kuwa tana gabas da Girinic da digiri 2 da minti 20, sai Maraɗi ta faɗo kan 4 da 46. Tsofaffin taswirorin Jamus da yawa daga tsibirin Fero suke farawa, digiri 17 da minti 40 yamma da Girinic, a nan sai a neme ta wajen 24 da 46. A duba rubutun gefen firam kafin a ɗora ruwla. Ko bayan wannan gyara za a ga garuruwa sun goce da kilomita gommai, saboda matafiyan suna ƙiyasta nisa ne da awoyin tafiyar raƙumi, sai jefi-jefi suke samun auna taurari.

An buɗe katin sunaye, tunda kowane Bature da yadda kunnensa ya ji. Kilafaton ya rubuta Sackatoo, Kashna, Goober. Matafiyi Bajamushe Bart (Barth) ya rubuta Sókoto, Kátsena, Góber, Marádi, Tasáwa, Gazáwa. Rubutun suna kaɗai yakan nuna daga wane matafiyi mai taswira ya kwafa, ko da bai faɗa ba.

13 ga Maris

Taswirorin Bart, MRD-06 da 07, su ne ƙashin bayan tarin. Bajamushe Ogusta Fitaman (Petermann) ne ya zana su don littafin Bart mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858, na Jamusanci a gidan Justus Perthes da ke Gota, na Ingilishi a gidan Longman. Bart ya ratsa Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, abokin tafiyarsa Oferweg kuma shi ya juya yamma ya shigo Maraɗi da Gobir a wannan shekara. A 1853, kan hanyar Sakkwato, ayarin Bart ya yi awa ashirin da shida yana tafiya ba zango a dajin Gundumi don tsoron mahara daga Gobir. Wannan fili da ke fayau a taswira, ba gari ba ƙauye, ba jahilcin mai zane ba ne. Yaƙi ne ya kwashe mutanen, kuma a zamanin Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore hare-haren Maraɗi sun ci gaba da hana shi cika. Mai karanta irin wannan taswira ya kula da inda aka bari fari kamar yadda yake kula da inda aka shafa.

Filayen yaƙin su kansu ba kasafai ake samun sunansu a taswirorin ba. Ƙonya, inda Kilafaton ya ga harin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Oktoban 1826, ya rubuta ta Coonia. Sauran, irin su Tsuntsuwa ta 1804 da Alwasa ta 1805, muna sa su ne a kan farar leda ta foliyesta da ake ɗorawa bisa hoton taswirar. A kan asalin ba a ƙara ko ɗigo.

Matsalar 07 ita ce ninki. Taswirar cikin littafi takan yage a inda aka liƙa ta da ƙashin littafin, kuma nan akwai yaga ta santimita 11 da wani ya rufe da salatif tun da daɗewa. Ledar ta ɗago da ɗumin na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafi, daga nisan taƙi ɗaya, ana zura siririyar wuƙar ƙashi a hankali. Danƙon da ya rage an naɗe shi da robar kirif, ɗanyar roba mai ɗauke danƙo. Rawayan tabon ya riga ya shige cikin zaren takarda, zai zauna. Fetur ko tina za su iya rage shi, amma za su ja tawada su bar zobe, ba a gwada ba.

10 ga Afrilu

Liƙi. Sitacin alkama kaɗai. Ƙaro yana nan birjik a kasuwa, amma yana ƙyalli, yana tsagewa in ya bushe, yana kuma yin duhu. Gam ɗin kafinta ba ya fita in ya kama. Sitacin guga akwai ƙari a cikinsa da ba a san ko mene ne ba.

Ana fitar da sitacin daga fulawa: a kwaɓa rabin kilo ya yi tauri, a bar shi minti talatin, a dinga matsa shi cikin ruwa har farin ya fita ya bar danƙon. A tace da ƙyalle, a bari ya kwanta, a zubar da ruwan sama, a sake wankewa sau uku, a shanya a inuwa a rufe da ƙyalle saboda ƙura. Wajen dafawa, giram 10 cikin mililita 50 na tataccen ruwa, ya jiƙa minti talatin, sannan a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi ana juyawa ba tsayawa minti ashirin da biyar, har ya bar fari ya koma garai-garai. In ya huce a tura shi ta rariya sau biyu, a sassauta da ruwa ya koma kamar koko marar kauri. A zafin nan na azumi, ɗaki yana haura digiri 40, kwana ɗaya yake yi ya yi tsami. A dafa na yini kawai.

Takardar gyara ta Japan ce ta zaren kozo, mai giram 9 a murabba'in mita. Ba a yanka ta da almakashi. A ja layi da jiƙaƙƙen burushi a yage, don gefen ya yi gashi ya narke cikin takarda. Faɗin milimita 6 zuwa 8, tsawon da bai wuce santimita 5 ba, a jera su ɗaya bayan ɗaya a bayan taswira. Doguwar tsiri ɗaya takan ja takarda ta yi tudu in ta bushe. Kowace a danne ta da takardar shan ruwa da ƙaramin gilashi minti ashirin. A wannan yanayi liƙin yana bushewa a kan burushi kafin ya kai takarda, shi ya sa aikin ya koma bayan asuba.

22 ga Mayu

Sanya shekara ta hanyar layin iyaka. Wannan ya warware MRD-09, 10 da 11, waɗanda ba su da shekara ko aka yanke gefen da take.

Miƙaƙƙen layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tabkin Cadi na sanarwar 5 ga Agusta 1890 ne. Baka da aka zana kewaye da Sakkwato na yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ne: mil 100 daga tsakiyar birnin, sannan layi ya bi digiri 14 zuwa gabas mil 70, ya gangaro kudu zuwa digiri 13 da minti 20. A wannan zane Maraɗi da Tsibiri da Birnin Ƙonni duk suna ɓangaren Ingila, Tasawa tana na Faransa. Wato lokacin da rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine) ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a Mayun 1899, bayan artabu da Sarauniya a Lugu, a ƙasar da takarda ta ba Ingila take. Faransa ta matsa a sake layin don ba ta da hanya mai rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906 suka turo shi kudu, tawagar haɗin gwiwa ta Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta kafa turaku 148 tsakanin 1906 da 1908.

Bakan yana da amfani na biyu. Mil 100 kilomita 161 ne, don haka a ma'aunin 1:2,000,000 kamfas zai buɗe santimita 8, a 1:4,000,000 santimita 4, a 1:10,000,000 milimita 16. MRD-10 an yanke ma'auninta, kamfas ya ba da santimita 4 cif.

MRD-11 ce ta fi ɗaukar lokaci. An yanka ta gida-gida an liƙa a kan ƙyalle don ta ninku ta shiga aljihu, irin ta hafsoshi. Bugun baƙi ne, bakan 1898 an ja shi da jan launin hannu, sannan wani hannu dabam ya ja layi da shuɗin fensir daga Ƙonni ta Maijirgi zuwa Zindar. Hanyar ta yi daidai da ta 1899: Kanar Kulob, wanda Faransa ta aiko ya karɓe rundunar, ya mutu a Dankori ranar 14 ga Yuli, Bule da Shanuwan kuma sojojinsu suka kashe su kusa da Maijirgi cikin kwanaki uku, ragowar rundunar ta shiga Zindar a ƙarshen watan bayan faɗan Tirmini. An rubuta a kati cewa fensirin ƙari ne na hannu na biyu. Ba za a goge shi ba, ba kuma za a jingina shi ga kowa ba.

Daga wannan zamani launin hannu yana ƙaranci. Atlas ɗin Stieler, kundin taswirori na Jamus, ya riƙe farantin jan ƙarfe da burushi har bugu na takwas, na 1888 zuwa 1891. Bugu na tara, wanda aka kammala a 1905, launinsa na inji ne. Shafin Stieler na bayan 1905 da aka ce "launin hannu" a bar wa mai shi.

19 ga Yuni

An ƙi karɓar shafi ɗaya na SDUK, ƙungiyar yaɗa ilimi ta Landan mai buga taswirori, Afirka ta Yamma na 1839. Haske daga gefe ya nuna an kankare wani zagayayyen wuri a kusurwa, takardar ta yi sirara, girman tambarin ɗakin karatu. Abin da aka yanko daga littafin jama'a ba ya shiga akwatin nan komai arharsa.

17 ga Yuli

Akwatin ajiya ya dawo daga maƙera: ƙarfe, santimita 90 da 65 da 25, da robar taya a bakin murfi. An bar shi a buɗe makonni huɗu warin fenti ya fita. Yana kan ƙafafun ƙarfe santimita 30 daga ƙasa, taƙi ɗaya daga bango, yadda za a ga hanyar gara tun tana hawowa. Kowace taswira cikin jakarta ta takarda marar asid, manya a ƙasa, kada su wuce goma a jere. Ledar PVC ta masu laminatin ba ta kusantar su, laminatin kansa kuwa kashe taswira ne.

Cikin akwatin mita kubik 0.15 ne, ya ci kilo 3 na silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, mai launin ruwan lemo, cikin jakunkunan ƙyalle. Busasshiyar silika kai tsaye daga tanda takan ja laima ƙasa da kima. Sai an bar ta a ɗaki ta sha iska har na'ura ta nuna 45 zuwa 50 a cikin roba rufaffiya, sannan ta shiga akwati. Haka za ta sha laima da damina, ta mayar da ita da hunturu.

21 ga Agusta

Ɗaki ya kai kashi 82, akwati yana kan 54. MRD-03, wadda ke waje ƙarƙashin gilashi tana jiran gyara, ta yi fumfuna fari-fari a gefe biyu, faɗin kwabo. Sama da kashi 65 in ya daɗe, abin da ke biyo baya ke nan, kuma gilashin ya hana iska wucewa. An sa ta cikin roba da silika ta bushe tukuna, domin ɗanyar fumfuna in an share ta shafewa take cikin takarda. Bayan ta zama gari aka kaɗe ta da burushi mai laushi a waje, a inuwa, da takunkumi a fuska. Ba rana, ba ruwan jabel. Alkol mai kashi 70 an taɓa shi a gefen da ba launi kawai, tunda rawayan gamboj danƙon itace ne, alkol yana narkar da shi.

Ita 03 tana da wata cuta da ta fi fumfuna. Koren iyakar Borno na jan ƙarfe ne, ya ci takarda har ya fito ruwan ƙasa a baya, wuri biyu ya fara tsagewa a kan layin. Wannan yana tabbatar da tsufan launin, amma laima tana ƙara masa gudu. Ba za ta shiga ɗakin turara ba, kuma jiƙaƙƙen liƙi bai dace da ita ba. Za a shafa sitaci a kan takardar kozo mai giram 5, a bari ya bushe sarai, sannan a ɗan turara tsirin kaɗai a ɗora a baya.

18 ga Satumba

An ɗauki hoton tara daga cikin goma da suka rage: waya a kan sanda, daidai saman tsakiyar taswira, hasken inuwar rumfa da hantsi, ruwla da katin toka a gefe, gaba da baya. Kwafin da aka buga su ne za su hau bango da zuwa makarantu. Jan karmin da rawayan gamboj su ne farkon kwashewa a haske, don haka asalin yana fita ne don nazari kawai, in kuma nuni ya kama, haske kada ya wuce luks 50 a ma'aunin haske, wata uku iyaka.

Saura gyaran 03, sai laima ta sauka ƙasa da 55 a ɗaki, wajen ƙarshen Oktoba. Silika za ta koma tanda a digiri 120 na awa uku kafin nan. Giɓin da ke cikin jerin shi ne tsakanin 1858 da 1890: ana neman shafin Stieler na shekarun 1870 mai cikakken gefe, wanda shekarar bugu ke ƙasansa ba a yanke ba, kuma mai sayarwa ya turo hoton bayan takardar kafin a yi maganar kuɗi.